Shaidarmu kan karatun nazarin jinsi a ƙasashen waje

Mu da muka yi karatun nazarin jinsi a ƙasashen waje, wasunmu a Turai, wasu a Asiya, wasu a arewacin Afirka da gabashinta, tambaya ɗaya ce ke bin mu duk inda muka zauna: wai me ake koya muku a can? Galibi mai tambayar ya riga ya yanke hukunci tun kafin ya buɗe baki. Wani na ganin makarantar ɓata tarbiyya ce, wani kuma na ganin karatun hutu ne, a zauna a sha surutu kan 'yancin mata a miƙa wa mutum digiri. To ga shaidarmu, yadda rayuwar ɗalibin wannan fanni ke tafiya tun daga neman gurbi har zuwa miƙa kundi, da wuraren da ƙafa ta fi zamewa.

Fannin bai daɗe ba. A 1970 aka buɗe shirin nazarin mata na farko a jami'ar jiha da ke San Diego a Amurka, daga baya aka faɗaɗa shi ya haɗa da maza da sha'anin jima'i. Tambayoyinsa kuwa tsofaffi ne: wa ke cin gado, wa ke da ikon saki, wa ke renon yara, aikin wa ake biya, aikin wa ake ɗauka kyauta, wa al'umma ke ƙirgawa namiji, wa take ƙirgawa mace, wace mu'amala doka ta hana, kuma wa ake kamawa idan an karya ta.

Zaɓen makaranta shi ne wurin tuntuɓe na farko, domin suna ɗaya ne amma kayan ciki daban. Jami'ar Sussex a Ingila ta yi fice wajen haɗa jinsi da harkar raya ƙasa. Utrecht a Holand ta fi karkata ga falsafa da adabi da kafafen watsa labarai. Makerere a Uganda tana da sashenta tun 1991, kuma ƙarfinta a kan ƙasa da noma da lafiya yake. Akwai kuma shirin GEMMA na Tarayyar Turai, digiri na biyu kan nazarin mata da jinsi, wanda jami'ar Granada ta Sifaniya ke jagoranta, shekara biyu a jami'o'i biyu na ƙasashe daban. Wanda ke son ƙididdiga ya faɗa sashen falsafa zai shekara yana cizon yatsa. Maganin abin mai sauƙi ne: a bar sunan kwas, a buɗe jerin malaman sashen, a karanta abin da uku daga cikinsu suka rubuta a shekaru biyar da suka wuce. Idan babu ko ɗaya da ya taɓa yankin da kake son bincika, babu mai duba maka aiki da idon sani. A kuma leƙa siyasar ƙasar. A 2018 gwamnatin Hangari ta cire nazarin jinsi daga jerin digirin da ta amince da su, kuma jami'ar CEU, wato Jami'ar Tsakiyar Turai, da ke koyar da shi a Budapest ta ƙare da komawa Biyana ta Ostiriya.

Wasiƙar neman gurbi ita ke kayar da mutane da yawa, fiye da jarrabawar Turanci ta IELTS da akasari ake neman maki 6.5 ko 7. Masu tantancewa sun gaji da wasiƙar da ke cewa mata na shan wahala, ni kuma ina so in cece su. Tambaya suke nema, mai iyaka, wadda za a iya amsa ta cikin watanni. Misali, dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta ɗaga shekarun auren mace daga 15 zuwa 18, amma ta bar wa alƙali ikon ba da izini na musamman. Wanda ya ce yana so ya gano a kan wane dalili alƙalan wani lardi guda suke ba da wannan izini, ya nuna ya san abin da ake kira bincike.

Digiri na biyu a Birtaniya da Holand yawanci shekara ɗaya ne. A tsarin Turai maki 60 ake tarawa a shekara, kuma a Holand kowane maki awa 28 ne na aiki, wato awa 1,680 ke nan. Zaman aji kaɗan ne cikin wannan lissafi. Sauran duk karatu ne kai kaɗai, shafi ɗari ko fiye a mako, da Turanci mai tauri wanda su kansu 'yan ƙasa ke kuka da shi. Dabarar da ta cece mu ita ce a fara da gabatarwa da kammalawa, a rubuta hujjar marubucin a layi uku, sannan a koma tsakiya a ga da wace shaida ya kafa ta.

A zangon farko ake raba abu biyu, halittar jiki da kuma abin da al'umma ta ɗora a kanta na aiki da sutura da iko. Yaya girman rabon kowanne yake, har gobe masana ba su daina jayayya ba. Daga nan sai a shiga kwatanta al'ummomi, kuma nan ne zuciyar karatun. Nan ne kuma babban kuskuren fannin yake, wato auna hatsin wata kasuwa da mudun wata.

Ɗauki al'ummar Nandi ta Kenya. A can dattijuwar da ba ta haifi ɗa namiji ba tana iya biyan dukiyar aure ta auro budurwa. Ɗalibi da ya ji haka sai ya yi wuf ya rubuta cewa ga auren jinsi irin wanda Holand ta halatta a 2001. Ya faɗi ke nan. Babu kwanciya tsakanin matan biyu. Budurwar tana samun ciki da wani namiji, 'ya'yan kuma a lissafa su na gidan dattijuwar, domin kada dukiyar ɗakinta ta rasa magaji. Maganar gado ce daga farko har ƙarshe. Haka a duwatsun arewacin Albaniya akwai matan da ake kira burnesha, waɗanda ke rantsuwa gaban dattawa cewa ba su ba aure har abada, su sa kayan maza, su riƙe gida, su zauna a majalisar maza. Abin da ke kai su ga haka galibi rashin namiji ne a gidan, ko gudun auren da aka ƙulla musu ba tare da an jawo gabar jini tsakanin dangi biyu ba. Yau 'yan kaɗan suka rage, tsofaffi, domin mace na iya gado da riƙe gida ba tare da rantsuwar ba. Wanda ya saka su sahu ɗaya da mai sauya jinsi a asibitin Turai bai fahimci ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mutanen da ake kira hijira a Indiya, waɗanda galibi maza aka haife su amma suke shiga da rayuwa irin ta mata, sun fi waɗannan sarƙaƙiya. Jama'a ce mai gidajenta, kowane gida da shugaba da almajirai, da ka'idar shiga da ta rabon abin da aka samu. Sana'arsu ta gado ita ce zuwa gidan haihuwa da gidan biki su yi waƙa su sa albarka a ba su kuɗi, kuma mutane na tsoron bakinsu kamar yadda suke son albarkarsu. Turawan mulkin mallaka sun sa su cikin dokar 1871 ta waɗanda ake yi wa rajista a matsayin masu laifi. A 2014 kotun ƙolin Indiya ta amince da su a matsayin jinsi na uku, Nepal kuma ta riga ta tun 2007. Duk da haka da yawansu bara da karuwanci ne abincinsu, domin takardar kotu ba ta sa mai gidan haya ya ba ka ɗaki. Bugis na kudancin Sulawesi a Indonesiya, waɗanda Musulmi ne, rukunin jinsi biyar suke ƙirgawa, na biyar ɗin su ne bissu masu hidimar addinin gargajiya na fada. A yammacin Sumatra kuma Minangkabau, su ma Musulmi, gida da gonar dangi ta wajen uwa suke bi. Ɗalibai na son su ce ga ƙasar da mata ke mulki. Ba haka ba ne kai tsaye, domin kawu, ɗan'uwan uwa, shi ke wakiltar dangi a zaman shawara. Gado ta wajen uwa daban, sarauta daban.

Darasi na biyu da ke shiga jiki a hankali shi ne doka ba ita ce rayuwa ba. A 1999 Suwidin ta haramta sayen jima'i, ta bar mai sayarwa ba laifi. A 2000 Holand ta ɗage haramcin gidajen karuwai ta mayar da harkar ƙarƙashin lasisi. Kowacce ta ce don kare mata ta yi. Malamai na son ba da wannan a matsayin aikin gida, ɗalibi kuma ya zo da alƙaluma yana murna, sai a tambaye shi wa ya ƙirga, ta yaya, alhali wanda doka ta kora ɓoye yake shiga. Ita dai Suwidin ɗin tun 1974 ta ba uba damar hutun reno. Yanzu kwana 480 ne ga iyaye biyu, an keɓe wa kowanne 90 da ba a iya miƙa wa ɗayan, amma har yanzu wajen kashi 30 cikin ɗari na kwanakin ne maza ke ɗauka. Iran kuwa tana hukunta luwaɗi da tsanani, amma tun shekarun 1980 fatawar Ayatullahi Khumaini ta halatta tiyatar sauya jinsi. Wanda ya jera ƙasashe a layi ɗaya, daga mai ci gaba zuwa mai ci baya, bai san inda zai ajiye wannan ba.

Masu addini kan tambaye mu ko ana tilasta wa mutum ya bar aƙidarsa. Ba mu ga an yi haka ba, hujja ake ba maki. Amma gaskiya ɗaya ce, akasarin malaman waɗannan sassa a Turai da Amurka suna da ɓangaren da suka karkata, kuma akwai maganar da idan ka faɗa aji zai yi tsit. Abin da ke taimako shi ne sanin cewa suka daga cikin fannin take. Chandra Mohanty tun 1984 ta soki yadda marubutan Yamma ke dunƙule matan ƙasashe masu tasowa su mayar da su mace ɗaya abar tausayi. Lila Abu-Lughod a 2002 ta ƙalubalanci masu fakewa da ceton matan Musulmi don halatta yaƙin Afganistan. Saba Mahmood ta zauna da matan da ke karatu a masallatan Alkahira, ta nuna cewa mace na iya zaɓar ibada da kunya da hankalinta, ba don an danne ta ba. Duk waɗannan cikin manhaja suke. Wani abin da ke gajiyarwa shi ne a mayar da kai kakakin nahiya guda, duk sanda aka ambaci kaciyar mata ko auren mace fiye da ɗaya sai idanu su juyo kanka. Amsar da ta fi ita ce ka faɗi abin da ka sani game da wuri ɗaya, ka ƙi amsa na sauran.

Sai fita bincike cikin jama'a, inda kuskure ke daina zama na maki ya koma na rayukan mutane.

Kafin ka yi wa kowa tambaya sai kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya sa hannu, kuma a batun jima'i ko duka ko ƙananan yara, a ware wata ɗaya zuwa biyu, domin da wuya takarda ta wuce a karon farko. Tsaurin yana da asali. A 1970 wani mai bincike a Amurka, Laud Humphreys, ya wallafa aikin da ya yi kan mazan da ke saduwa da juna a makewayin jama'a. Ya riƙa rubuta lambobin motocinsu a ɓoye, ya nemo adireshinsu, ya bi su gida da sunan binciken lafiya. Har yau da shi ake buga misali a aji. A Turai kuma dokar kare bayanai da ta fara aiki a 2018 ta sa bayanin lafiya da addini da rayuwar jima'i cikin rukuni na musamman mai ƙarin sharuɗɗa. Bayan izinin jami'a akwai na ƙasar da za ka. Kenya tana da hukumar NACOSTI, Tanzaniya tana da COSTECH, Indonesiya ma sai da izinin bincike. Mai shiga da bizar yawon buɗe ido ya kama yi wa mutane tambayoyi, idan aka kama shi korarsa za a yi, amma tafintansa da waɗanda suka karɓe shi suna nan, su za su amsa tambayar hukuma.

Takardar amincewa da ake sa hannu a kai tana iya zama ita ce haɗarin. A Maroko sashe na 489 na dokar laifuka yana hukunta saduwar jinsi ɗaya da ɗaurin wata shida zuwa shekara uku, na 490 kuma yana hukunta saduwa ba aure. Uganda ta ƙara tsananta tata dokar a 2023. A irin waɗannan wurare takarda mai suna da sa hannu shaida ce a kotu. Don haka ake roƙon kwamiti ya yarda da amincewar baka. Canza suna kaɗai ma bai isa ba. Idan ka rubuta ungozoma mai 'ya'ya shida a ƙauye kaza, alhali ungozoma ɗaya ce a ƙauyen, ka faɗi sunanta. Sai a sauya sana'a ko yawan 'ya'ya ko a ɓoye garin. Jerin da ke haɗa sunan gaskiya da na ƙarya ba ya zama na'ura ɗaya da hirarrakin. Kada a ɗauki murya da wayar da ke tura komai intanet da kanta, kuma kada a tsallaka iyakar ƙasa da muryoyin mutane a aljihu ba a kulle su da kalmar sirri ba.

Ka'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa don binciken cin zarafin mata a gida su ne mafi amfani da muka sani, ko da batunka wani ne. A gida ɗaya mace ɗaya ake tambaya. Ga sauran mutanen gida, binciken lafiyar mata ne kawai. Ba a farawa sai an keɓe, ko yaro mai wayo ba ya zama. Mai tambaya tana riƙe da wasu tambayoyin na daban a ƙarƙashin takardarta, kuma tun farko ta gaya wa matar. Ana cikin maganar mari sai uwar miji ta ɗaga labule ta shigo, nan take mai tambaya ta juya shafi ta ce, to yaron nan wata nawa ya yi yana shan nono? Matar ta amsa, a ci gaba da haka har tsohuwar ta gaji ta fita. A babban binciken da hukumar ta fitar a 2005, mata kusan 24,000 a ƙasashe goma, an ƙara wata dabara kan ko an yi lalata da su suna yara. A ƙarshen hira ana miƙa wa mace kati mai fuska biyu, ɗaya na murmushi ɗaya na kuka, ta yi alama a ɓoye ta naɗe. A yawancin wuraren, waɗanda suka nuna fuskar kuka sun fi waɗanda suka faɗa da baki yawa.

Jeren tambayoyi ma ilimi ne. Ana farawa da mai sauƙi, aiki da yara da yadda aka yi aure, mai nauyi ya zo tsakiya, a rufe da mai sanyi don kada a bar mutum cikin kuka. Aikin da aka yi ake tambaya, ba laƙabi ba. Ka ce wa mace ko mijinta na cin zarafinta, ta ce a'a. Ka ce ko ya taɓa marinta ko ya shaƙe ta, sai amsa ta canza. Ma'aikatan yaƙi da ƙanjamau sun koyi wannan tun tuni, da suka ga maza da yawa masu mata da 'ya'ya suna kwana da maza amma ba su taɓa ɗaukar kansu cikin wani rukuni mai suna ba. Kuma a riƙa tunawa mutane na gyara amsa. A binciken ƙasashe da dama maza kan faɗi adadin matan da suka kwana da su fiye da yadda mata ke faɗin na maza, har lissafin ya ƙi haɗuwa.

Tafinta rabin bincike ne. Idan ɗan garin ne, mutane za su ɓoye, domin gobe da shi za su haɗu a hanya. Idan baƙo ne, habaici zai wuce shi. Ga matsalar kunya: mace ta yi magana minti biyu, tafinta ya ce wai ta ce lafiya lau suke. A zauna da shi tun kafin a fara, a bi kalmomin jiki da na kwanciya ɗaya bayan ɗaya, a daidaita wadda ba ta zagi ba ce kuma ba ta asibiti ba. Tambayoyin da aka fassara a ba wani daban ya mayar da su harshen farko, a ga inda ma'ana ta karkace. Shi ma tafinta ya yi alkawarin riƙe sirri.

Kai kanka kana cikin abin da ke canza amsa. Namiji ba zai shiga inda mata ke sakin baki ba. Budurwa kuma, ko da digiri nawa ta zo, akwai zancen da matan aure ba za su yi gabanta ba. Margaret Mead ta je Samoa a 1925 tana da shekara 23, ta rubuta cewa 'yan matan can na balaga ba tare da takura a sha'anin soyayya ba. A 1983 Derek Freeman ya fito ya ce ta yi kuskure, daga baya har ya ce zolayarta 'yan matan suka yi. Wasu masana sun bi bayanan da ta bari sun ce shi ne ya wuce gona da iri. Shi ya sa ake tilasta wa ɗalibi ya rubuta a kundinsa ko shi wane ne, a ina ya kwana, wa ya gabatar da shi. Wanda duk mutanensa ƙungiyar agaji ɗaya ce ta kawo masa su, muryar ƙungiyar ya ɗauko, domin sun san irin amsar da ke kawo tallafi. A nemi ƙofa biyu ko uku da ba su san juna ba.

Lissafin lokaci shi ke karya mutane a ƙarshe. Kundin digiri na biyu hira 12 zuwa 20 ta ishe shi. Rubuta hirar awa ɗaya na cin awa huɗu zuwa shida, idan da fassara a ninka. Hira 15 ke nan ta kai awa 75 kafin a fara nazari, ga kundin ana jiransa cikin wata uku. Kada a wuce hira biyu masu nauyi a rana, domin sauraron labarin fyaɗe da duka yana taruwa a ƙirji, ya hana barci, kuma mai tambayar da ta gaji ba ta jin abin da ake gaya mata. A tafi da jerin wuraren taimako na gaske a garin, asibiti ko lauya ko mafaka, waɗanda aka je aka tabbatar suna aiki, a ƙaramar takarda da za a iya ɓoyewa.

Wajen rubutu, mai jarrabawa zai ja layi a duk inda ka ce matan ƙasa kaza, alhali mata goma sha biyar ka gani a unguwa biyu. A rubuta su nawa ne, a ina, a wace shekara. Jami'o'i da yawa na ɗora kundi a intanet kowa ya karanta, don haka idan akwai abin da zai iya tona wani, a nemi a rufe shi na wasu shekaru tun kafin a miƙa. A rubuta taƙaitaccen sakamako, shafi ɗaya ko biyu, da harshen mutanen da aka tambaya, a aika ta hanyar da ba za ta nuna su wane ne suka yi magana ba. Muryoyin kuma a goge su a ranar da aka yi wa kwamiti alkawari, daga rakoda, daga kwamfuta, da kuma wayar tafinta, wadda ita aka fi mantawa.